Ta'aziyyar da Na Kai wa Yaya Sahabi a Ingila

Tun da na dawo Tambuwal ban huta ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna majalisa a tare ni, har mai facin babur da ba mu cika magana ba ya tsayar da ni yana tambaya, wai da gaske ne Turawa suna tara iyayensu gida ɗaya kamar kaji a akurki? Wasu kuma ba Ingilar ce ta dame su ba, tabon da ke goshina suke son jin labarinsa. To, bakina ya gaji. Zan faɗa sau ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Wanda na je gani yayana ne, Sahabi, uwa ɗaya uba ɗaya. A Kebbe aka haife mu. Ina ɗan yaro gwamnati ta tura shi Ingila karatun injiniya, ya auri Baturiya, suka haifi ɗiya guda, Asma'u. Da yakan zo gida jefi-jefi, daga baya zuwan ya koma waya. Matar ta rasu, shi kuma gigin tsufa ya kama shi, irin wanda mutum zai manta abin da ya ci da safe amma ya tuna sunan jakin kakansa. Asma'u ta kai shi gidan kula da tsofaffi. Da labarin ya iso mana kowa ya yi tir da ita, kuma muryata ta fi ta kowa.

Ana nan sai ga wayarta, Hausar nan tata rabi da rabi.

"Baffa, Baba yana dukan mutane."

Ta ce ya mari wata ma'aikaciya, ya murɗe hannun wata. Masu gidan sun ce in abin ya ci gaba za a mai da shi wani sashe na asibiti da ake kullewa, inda za a riƙa ba shi maganin da zai wuni yana barci. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Turancinsa ya zube kaf. Ba ya magana sai da Hausa, Hausar ma Sakkwatanci na mutanen da, wanda ita ba ta kama ko rabinsa.

"Ka zo, Baffa, ko ka ji abin da yake cewa."

Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, saboda haka ina da Turancin da zai fisshe ni. Na ce mata ina zuwa. A raina kuwa cewa na yi, zuwa ɗauko shi zan yi.

Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, wanda ya taɓa nema ya san wulaƙancin. Da ta fito sai na hau babur zuwa Kebbe yin bankwana. Ƙarshen damina ne, hanya ta zama kunu. Sau biyu muna sauka muna tura babur, mai babur yana ce mini, "Alhaji, kai da za ka ƙasar Turawa, ka sha taɓonka na ƙarshe." A gida na tarar ƙanwarmu Hassi ta haɗa kaya kamar na amarya: kilishi, man shanu a gora, kuka, daddawa, zuma, har da rubutun sha a jarka. Da zan tashi ta riƙe mini hannun riga.

"Yaya Ummaru, kar ka mance da gaisuwa. Tun da Inna ta rasu ba wanda ya sa shi ido."

Gaskiyarta. Lokacin rasuwar mahaifiyarmu bai samu zuwa ba, a waya aka yi ta'aziyya, kuma kun sani gaisuwar waya ba ta ɗauke ta ido da ido. Bayan Inna kuma an yi rashi da yawa. Hassi ta lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, na riƙe.

Daga Tambuwal na bi mota ta Jega da Yawuri da Kontagora har Abuja. Direban ba ya taka birki sai ya ga rami ya riga ya shige ƙarƙashinsa. Jirgi kuwa ba abin faɗi, sai dai sanyi da wani abinci a ɗan akwati da ban gane gabansa da bayansa ba. Na ci burodin na mayar musu da sauran.

A filin jirginsu aka fara yi mini rashin mutunci, kuma kare ne ya fara. Wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Jami'i ya ce in buɗe. Ya ɗaga kilishi ya ce mene ne, na ce nama. Ya ce ba a shiga da nama. Ya ɗaga gorar man shanu, ita ma haka. Na ce masa na marar lafiya ne, ya ce ya tausaya, ya jefa su cikin wani kwando ina kallo. Kilishin da Hassi ta sa aka yi musamman! Jarkar rubutu ya juya ta ya juya, na ce addu'a ce, ya dube ni ya ajiye ta gefena. Da ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, sai ya ja da baya ya ce in ɗaure abina in tafi, Allah ya kiyaye hanya.

Asma'u ta tarbe ni. Kamarta ɗaya da Inna, har tafiyar. Na zo da faɗa cike da baki, amma da ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa," sai na haɗiye shi, na ce bari dai in ga wuri tukuna.

Gidanta a wani gari yake can arewacin ƙasar. Ɗakin da ta sauke ni bai fi rumbu ba, amma akwai ɗumi. Abin da ya fi ba ni mamaki shirun unguwar. Na fito da safe na gai da maƙwabcinta, ya ɗaga mini gira ya shige mota. Ba yaro a waje, ba mai talla, ba wanda zai leƙo ya ce kun kwana lafiya. Abinci kuwa dankali ne dafaffe ba yaji ba magi, sai da na shiga kicin da kaina na kaɗa miyar kuka, ita ta tuƙa tuwon semo. Muna ci take ba ni labarin yadda ta riƙe shi a gidan nan kafin ta kai shi can. Tana fita aiki tun safe, ba kowa a gida. Ya taɓa kunna gas ya manta. Ya taɓa fita ba takalmi cikin sanyi, 'yan sanda suka tsinto shi a bakin titi yana tambayar hanyar Jabo ta can wajenmu. Tana faɗa tana kuka. Na ce a raina, mu da muke zaginta a Kebbe, kowannenmu yana da mutum goma a tsakar gida.

Gidan tsofaffin ba akurki ba ne, wannan amsar mai faci ce. Tsaf yake, ko'ina darduma, kowa da ɗakinsa da makewayinsa. Ƙofar waje ba ta buɗuwa sai an danna lambobi. A falo tsofaffi ne jere a kujeru, wasu na kallon talabijin, wasu na kallon bango. Na ga wata tsohuwa rungume da 'yar tsana tana jijjiga ta. Na ce wannan kuma wane irin shirme ne? Ma'aikaciyar da ke mana jagora, wata Baturiya mai jiki, Suzan, ta ce kafin a ba ta 'yar tsanar nan wuni take tana kuka tana neman jaririnta.

Yaya yana ɗakinsa a kujera, kansa ba hula, sandarsa jingine da gwiwa. Ya rame, ya yi fari. Na tsaya bakin ƙofa na yi sallama. Wallahi sai ga mutumin da aka ce ba ya kula kowa ya ɗago kai ya amsa mini cikakkiya, har da wa barakatuhu. Na shiga na durƙusa.

"Daga ina?" in ji shi.

"Daga Kebbe, Yaya. Ummaru ne."

Sunan bai shige shi ba, amma Kebbe ta shiga. Fuskarsa ta washe.

"Kebbe! To, to, to. Ya mutanen gida? Ya Inna?"

Nan ne na yi abin da kowannenku zai yi. Na sunkuyar da kai, na sassauta murya, na ce, "Yaya, ya haƙurin Inna? Allah shi jiƙanta, shi gafarta mata. Da Baffa Dikko, da Gwaggo Ige, da..."

"Mi kac ce?"

"Na ce Allah shi jiƙan Inna."

"Inna ta rasu?"

"Ai an daɗe, Yaya."

"Ƙarya kaka yi! Jiya-jiya tad dama mani fura!"

Ban ga tashin sandar ba, saukarta kawai na ji. Jini ya rufe mini ido ɗaya. Sai na ƙara wauta a kan wauta, na cafke hannunsa ina cewa, "Yaya, ni ne, ka yi haƙuri, ka yi salati." Ina riƙe shi yana fizga yana ihu, yana kiran a kawo ɗauki ga ɓarawo. Asma'u ta daskare jikin bango.

Suzan ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mini, "Sake shi. Ja da baya. Fita inda ba zai gan ka ba." Na saki na koma bayan ƙofa ina leƙe. Ba ta karɓi sandar ba, ba ta taɓa shi ba. Ta ja nesa kaɗan ta tsuguna ta gefensa, tafin hannuwanta a buɗe, tana jira. Ya yi ta faɗa har faɗan ya ƙare. Sandar ta zame da kanta. Daga nan ya fashe da kuka, irin kukan yaron da aka dawo daga binne uwarsa. Duk tsawon rayuwata ban taɓa jin kukan Yaya ba sai ranar, kuma ni na jawo.

A wani ɗan ɗaki Suzan ta wanke mini goshi ta manna filasta. Ta ce dole ta sanar da shugabar gidan. Na san wannan dukan zai iya zama wanda zai kai shi sashen kulle. Na ce, "Don Allah ki rufa asiri. Yayana ne. Ya sha zane ni muna yara, ba wanda ya kai ƙara." Ta yi dariya, amma ta ce ba ta ɓoye irin wannan. Za ta faɗi dukan, za ta kuma faɗi abin da ya jawo shi. Asma'u ta fassara mata abin da na ce masa. Suzan ta juyo wurina.

"A wurinsa mahaifiyarsa tana da rai," ta ce. "Duk ranar da ka gaya masa, ranar ta mutu. Gobe zai manta ka faɗa, ya sake tambaya."

Na ce, "To ni ba zan yi ƙarya ba. Da furfurata in ce wadda ke kabari tana gida?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba. In ya tambaye ta, ba labari yake nema ba, kewarta yake ji, ko tsoro. Ka tambaye shi ita. Ka bar shi ya ba ka labarinta."

Daga nan ta ce ita ma tana da roƙo. Yawancin dukan da safe yake yi, lokacin wanka, kuma yana ta faɗin abin da ba su ji. In zo in saurara.

Washegari na zauna a kujera bayan ƙofarsa. 'Yan mata biyu suka tura ƙofa suka shiga da fara'arsu da gaisuwarsu ta Turanci. Ɗaya ta yaye labule, ɗaya ta kama maɓallin rigarsa. Sai na ji muryar Yaya:

"Kai! Wa ab ba ku izini? Ɗiyan wa ne ku? Ba ku da kunya? Ku fita, ko in kira maigida!"

Jama'a, ku faɗa mini. Kana kwance ɗakinka, mata biyu baƙi su faɗo ba sallama su kama tuɓe ka. Ni da hankalina ma sai inda ƙarfina ya ƙare. Yaran nan ba mugunta suke ba, aikinsu suke, kuma Asma'u ba ta san ta gaya musu ba, don uban da ta sani mai kwat da taye ne. Wanda ke kwance a gadon nan kuwa saurayin Kebbe ne.

Na zayyana wa Suzan komai. Aka mayar da wankansa hannun wani magidanci ɗan Indiya, Rajan, kuma aka bar masa zane a ƙugu har a gama. Na koya musu sallama. Yadda suke faɗinta sai ka riƙe ciki, amma Yaya yana amsawa, har ya ce a shigo. Na ce a daina miƙa masa abu da hagu. Akwai kuma wata rigima da suke yi da shi kullum da rana: yakan je famfo ya yi ta watsa ruwa a hannu da fuska da ƙafa, su kuma su janye shi kar ya zame, shi kuma ya kai duka. Na kalla sau ɗaya na ce, "Alwala yake yi." Asma'u ta samo buta a shagon wasu 'yan Pakistan, aka sa masa kujera da robar tarar ruwa, aka shimfiɗa darduma ta fuskanci alƙibla. Raka'o'in ba ya riƙe adadinsu, wani lokaci biyu wani lokaci bakwai. Na ce Allah ya san abin da yake nufi.

Kar ku ɗauka ni na gyara komai. Suzan ce ta lura yana taunawa da gefe ɗaya yana yamutsa fuska, ta ce mai ciwon da ba ya iya faɗin ciwonsa da hannu yake faɗa. Aka kira likitan haƙori, ashe wani haƙorin turmi ne ya ruɓe. Bayan an cire shi, rabin faɗan cin abinci ya tafi. Kuma duk da haka wata la'asar ya ture Rajan har ya bugu da bango, ba wanda ya san dalili har yau. Rajan ya fita, ya ba shi lokaci, ya dawo ya sake sallama kamar ba a yi komai ba. Wannan haƙurin nasu koyonsa suka yi kamar yadda ake koyon sana'a, kuma na yi musu shaida.

Ni ma tawa jarrabawar ta zo. Muna zaune yana shan kunu da zumar Hassi, sai ya ce, "Ina Inna ta tafi ne? Tun ɗazu nika jiran ta."

Na ce, "Yaya, wai mi Inna ta fi iyawa, fura ko tuwo?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wawaye. "Fura mana! Duk Kebbe wa ka dama fura kamar Inna?" Ya shiga ba ni labarin yadda take tafiya kasuwar Sanyinna, da yadda take ɓoye masa ƙuli-ƙuli a bakin zane. Yana yi yana dariya. Har ya gama bai sake tambayar inda take ba. Na yi ƙarfin hali na ce ko ya san Ummaru.

"Ummaru ƙanena? Wani ɗan mai majina, ɓarawon gyaɗa. Amma yaron kirki ne, shi ka ɗaukar mani allo."

Na zauna ina jin gulmata daga bakin yayana. Har na baro ƙasar bai san ni ne ba. A wurinsa ni wani bawan Allah ne mutumin Kebbe, kuma yana murna da zuwana. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba.

Ranar da aka zauna yanke shawara, da shugabar gidan da likita da Suzan da mu biyu, na tashi da niyyar cewa a ba ni shi in kai shi gida. Amma kafin a zo kaina na yi ta juya abin. Gidan da yake nema babu shi, an rushe ɗakin Inna an yi na siminti. Duk wanda ya shigo gaishe shi, daga liman har maƙwabta, abin da na yi zai yi, don ladabinmu ke nan. Za a kashe masa Inna sau goma kafin azahar. In ya kai duka kuma, mun san abin da muke yi wa irinsu: a ce iska ce, a kulle ɗaki, wani ma a ɗaure masa ƙafa. Mu muna da mutane, ba mu san ciwon ba. Da aka ce Baffa me ka gani, sai na ce a bar shi inda yake, in za su riƙe shi.

Shugabar ta ce dukan da ya yi mini an gane dalilinsa, sauran kuma sun ragu sosai. Ba za a kai shi sashen kulle ba, ba za a ƙara masa maganin barci ba, za su ci gaba da lura. Asma'u ta kifa kai a tebur. Na dafa ta na ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Ban taɓa faɗa mata haka ba sai ranar.

Da na je bankwana na same shi a lambu cikin rana, Rajan ya sa masa hular da na cire daga kaina na bar masa. Na ce masa zan koma Kebbe. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Don Allah in ka isa ka biya gidanmu. Ka gai da Inna. Ka ce mata karatu ya kusa ƙarewa, ina nan tafe. Ka ji? Kar ka mance."

Na ce, "In sha Allahu, Yaya, zan faɗa mata."

Da na sauka Tambuwal kwana ɗaya na yi na hau babur zuwa Kebbe. Hassi ta fito tana leƙen bayana, ta ce, "Ina shi?" Na ce ta ba ni ruwa tukuna, akwai saƙon da zan fara kaiwa. Na tafi maƙabarta ni kaɗai. Kabarin ya daɗe da bajewa, sai dai na san wajen, kusa da wata tsohuwar aduwa. Na yi sallama, na yi mata addu'a da sauran Musulmi. Sannan na tsuguna na ce, "Inna, Sahabi na gaishe ki. Ya ce karatu ya kusa ƙarewa, yana nan tafe."